Zubi Ɗaya Har Tsoka Ta Ƙi: Kare Salon Mentzer da Yates

Tun da Brad Schoenfeld da abokan aikinsa suka fitar da nazarinsu na 2017, wanda ya nuna tsoka ta fi girma idan tana samun zubi (wato jerin ɗagawa a jere ba hutu) goma ko fiye a mako, masu koyar da ɗaga ƙarfe da yawa suka ɗauka an yi jana'izar salon nan na zubi kaɗan mai tsanani. Sai ka ji suna cewa tsohon yayi ne, wai lalaci ne aka yi wa kwalliya. Ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa kai zubi ɗaya har iyakarsa ta gaskiya ba zai kira wannan lalaci ba.

Arthur Jones, mai injinan Nautilus, shi ya fara yayata salon a Amurka a farkon shekarun 1970: a yi atisaye mai tsanani, a taƙaita shi, a bar tazara tsakani. A lokacin Arnold Schwarzenegger yana Gold's Gym a Kalifoniya safe da yamma, kwana shida a mako. Mike Mentzer ya ɗauki ra'ayin Jones ya raɗa masa Heavy Duty, ya ci gasar Mr. Universe a 1978 da cikakken maki, ya zo na biyar a Mr. Olympia ta 1980 a Sidni, daga nan ya bar gasa. Sai Dorian Yates ya fito daga Temple Gym, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Birmingham ta Ingila, ya ci Mr. Olympia sau shida a jere, daga 1992 zuwa 1997, alhali kwana huɗu yake atisaye a mako, kowanne bai cika awa ɗaya ba.

Masu suka kan jawo gwajin da Jones ya yi a Kolorado a 1973, inda aka ce Casey Viator ya ƙara tsokar da ta haura kilo 28 cikin kwana 28. Su riƙe shi. Mutumin ya rame ne bayan haɗari a wurin aiki, abin da ya rasa yake maidowa. Salon bai dogara da wannan labari ba.

Darajarsa tana cikin zubin kansa. Ɗauki ƙarfen da za ka iya naɗowa zuwa ƙirji kusan sau takwas, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Jones ya so a ɗaga cikin daƙiƙa biyu, a sauke cikin huɗu. Ɗagawa biyar na farko kuɗin shiga ne kawai, domin jiki yakan fara tura ƙananan zaren tsoka, kamar yadda masani Elwood Henneman ya bayyana, ba ya kiran manya sai ƙananan sun kasa. A ta bakwai ƙarfen zai rage gudu ko kana so ko ba ka so. A ta takwas zai tsaya a tsakiyar hanya, hannu na rawa, gwiwar hannu na neman barin haƙarƙari, baya na neman lanƙwasawa ya saci aikin. A nan akasarin mutane ke ajiyewa su ce sun gama. Mentzer kuwa ya koyar cewa ƙarfin tsoka hawa uku ne: na ɗagawa, na riƙewa, da na saukewa, kuma na saukewa ya fi sauran. Wanda ya kasa ɗagawa hawa ɗaya kawai ya cinye. Sai abokin atisaye ya sa yatsu biyu ƙarƙashin ƙarfen, ya taimaka iya abin da zai wuce wurin da ya maƙale, ba ƙari, sannan ya sake. Kai kuma ka sauke a hankali kana ja da nauyin, sau ɗaya, sau biyu, har hannu ya daina iya tare shi. Wannan saukewar ita na fi ƙauna a salon duka, don ba ta karɓar ƙarya. Ana iya wurga ƙarfe sama da taimakon ƙugu, amma ba a iya sauke shi a hankali da tsokar da ba ta da ƙarfin.

Gaskiya ne ƙarin zubi yana ƙara girma, sai dai binciken da aka tattara na 'yan makonni ne, kuma ribar tana raguwa da yawan zubin. Mai neman tsantsar ƙarfi a tsugunno da ƙarfe a kafaɗa bai kamata ya riƙa kai kansa ga gazawa ba, wannan na amince. Yates ma ya yaga tsokar gaban dantse a 1994, ta bayansa a 1997, amma da bakinsa ya danganta hakan da ɗaukar nauyi mai yawa dab da gasa, lokacin da ya matse abincinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne hutu. Arnold da Yates duk sun amsa cewa sun yi amfani da magungunan ƙara tsoka, kuma maganin yana hanzarta farfaɗowa. Saurayin da ke ɗaga gwangwanin siminti a lungun unguwa bayan ya wuni a kasuwa ko gareji, nama da ƙwai ba kullum ba, in ya kwaikwayi jadawalin Arnold gajiya zai tara, gaɓoɓi su yi ciwo, jiki yana nan jiya i yau. Shi ne ainihin wanda salon nan ya dace da shi. Mentzer ya zarce a ƙarshen rayuwarsa, har yana ba da shawarar tazarar kwana huɗu zuwa bakwai, kuma ban bi shi can ba. Na fi son tsarin Yates, wanda ya riƙa rubuta kowane atisaye a littafi. A ɗumama jiki da zubi biyu marasa nauyi, a yi ɗaya na gaske, a rubuta nauyin da adadin ɗagawar. In mako ya zagayo lambar ba ta motsa ba, a ƙara kwanan hutu tukuna kafin a yi tunanin ƙara zubi.