Sabil: Gidajen Ruwan Sadaka na Tsohuwar Alƙahira

Kowa ya san Alƙahira da Kogin Nilu, amma tsohon birnin ba a bakin ruwa ya zauna ba. Akwai tafiya tsakanin ganuwa da kogi, rijiyoyin cikin gari kuwa galibi ruwan zartsi ne. Mai hali yakan sayi ruwansa wurin masu ɗaukowa a salka bisa raƙuma da jakuna. Ɗan dako da baƙo da almajiri fa? Su ne aka gina wa sabil, ɗakin da ake shayar da mai wucewa kyauta. Lokacin da masanan da suka biyo rundunar Napoleon a 1798 suka zana taswirar birnin, sun ƙirga irin waɗannan gidajen ruwa fiye da 300.

Ginin hawa uku ne, kowanne da aikinsa. A ƙarƙashin ƙasa akwai ƙaton rumbun ruwa na dutse, wanda ake wankewa a cika shi sau ɗaya a shekara, lokacin da Nilu ya kawo. A tsakiya, daidai da titi, ɗakin shayarwa ne mai manyan tagogi da aka tsare da ragar tagulla. Nan ma'aikacin da ake kira muzammalati yake wuni yana jawo ruwa daga ƙasa. A gine-gine da dama ba kai tsaye yake zuba shi ba. Sai ruwan ya gangaro ta kan wani faifan dutsen marmara da aka jingine, aka sassaƙa masa tudu da kwari, yana malala siriri, iska na bugunsa, kafin ya taru a kwatarniyar dutse da ke bakin taga ya yi sanyi. Mai ƙishi ya miƙa hannu ta cikin raga, ya karɓi moɗa, ya sha, ya wuce. Babu sallama a ƙofar wani attajiri, babu durƙuso, babu mai tambayarsa ɗan wane ne. A ganina wannan raga ta fi duk adon ginin hikima, domin ta raba mai bayarwa da mai karɓa, ta rufa wa mabukaci asiri.

A hawa na sama kuma makarantar allo ce ta marayu, buɗe take ta ɓangarori don iska da haske. Wanda ya tsaya shan ruwa a ƙasa yana jin karatun yara a bisa kansa.

Tushen abin sananne ne ga duk mai karatun hadisi: Sa'adu ɗan Ubada ya nemi sanin sadakar da ta fi dacewa ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa. Sarakunan Mamluk na Masar suka mayar da wannan sadaka gini. Da farko sabil kusurwa ce kawai a jikin masallaci ko makaranta, har zuwa 1479 da Sarki Ƙaitbai ya gina nasa shi kaɗai a titin Saliba, da jan dutse da fari da baƙi jere a fuskarsa. Wanda ya fi shahara shi ne na Abdurrahman Katkhuda, na 1744, da ke tsaye daidai inda titin Mu'izz ya rabu biyu, ta yadda tagoginsa uku ke fuskantar masu zuwa ta kowace hanya. A cikinsa akwai tayil mai ɗauke da zanen Ka'aba.

Ba zan ce duk maginan waliyyai ba ne. Sarakuna ne da hafsoshi masu son a ga sunansu a mararraba, kuma an gani. Amma akwai waɗanda baƙin ciki ya sa su gini. Muhammadu Ali Basha ya yi ɗaya a 1820 saboda ɗansa Tusun da annoba ta ɗauke, ya ƙara wani a 1828 saboda wani ɗansa, Isma'il, da aka kashe a Shandi ta ƙasar Sudan. Mata ma ba a bar su a baya ba. Nafisa al-Baida, wadda aka kawo Masar tana baiwa ta zama attajira, ta gina nata a 1796 kusa da ƙofar Zuwaila, ga kuma na mahaifiyar Abbas Basha na 1867.

Abin da masu yawon buɗe ido ba sa gani shi ne takardar wakafi, kuma ita ce ainihin ƙashin bayan sabil. Magini yakan tsayar da shaguna ko gidajen haya ko gona, a rubuta a gaban alƙali cewa kuɗin da suke kawowa na ruwa ne. Daga ciki ake biyan masu raƙuma, da albashin muzammalati da na malamin yara, da guga da igiya da man fitila, har da tufafin marayu. Magini ya mutu, mulki ya sauya hannu, ruwa bai yanke ba. Nan ne nake ganin muna da abin dubawa, mu da ake haƙa wa rijiyar burtsatse da sunan sadaka mai gudana, a kafa allo da sunan mai bayarwa, famfo ya lalace bayan shekara biyu a rasa wanda zai sayi ƙarfen gyara.

Famfo ne ya kashe sabil. An kafa kamfanin ruwa na Alƙahira a 1865, zamanin mulkin wani Isma'il Basha daban, bututu ya fara shiga unguwanni, rumbunan ƙasa suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu gine-ginen sun rushe, waɗansu sun koma ɗakin ajiya, waɗansu an gyara su ana shiga da tikiti. Shayarwar kam ba ta daina ba: har yau a titunan birnin za ka ga tuluna ko na'urar sanyaya ruwa a ƙofar shago da kofi ɗaure da sarƙa, mai shagon ne ke cikawa kullum da safe daga aljihunsa.