Murfin Kwalba Ya Zama Luru: Sharhi Kan Aikin El Anatsui

Duk wanda ya taso a Dagauda, ko ya saba cin kasuwar Azare, ya san yadda maƙeri ke yi da tsohon ƙarfe: ya narka gwangwani ya zuba tukunya, ya sari sifirin mota ya fitar da fartanya. Nan zango kuma samarinmu da yawa bola jari suke yi, a auna a kilo a sallame su. Shi ya sa aikin El Anatsui ya shafe mu.

Mutumin Gana ne, an haife shi a 1944, ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975. Murafun kwalaben giya yake tarawa, a baje su, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, har su zama makeken abu mai rufe bango. Daga nesa ka rantse luru ne aka saƙa da zinare. Sai ka matso, ka ga sunan kamfanin giya ɓaro-ɓaro. Da gangan ne fa: yana tuna mana cewa da giya Turawa suka riƙa musayar bayi a bakin teku.

Abin da ya burge mu, bai yi wa ƙarfen dole ba. Ba narkawa, ba walda. Ko siffa ɗaya bai kafe masa ba, masu ratayewa su naɗe shi yadda suka ga dama. Kuma babu mutum-mutumi a ciki, ballantana malamanmu su ce gunki ne. Ado ne irin na aikin wuyan babbar riga.

Amma muna da ƙorafi. Hannaye da yawa ne ke wannan ɗinki wata da watanni, suna ɗaya tak ake rubutawa a bango. Sannan aikin ya kai shi Italiya ya karɓi babbar kyauta a 2015, ya cika zauren Tate Modern a Landan a 2023, mu kuwa da ke tsince irin waɗannan murafu kullum sai dai mu gani a waya.

Duk da haka, 'yan uwa, abin da muke sayarwa da araha shi wani ya duba da ido na biyu. Maƙeranmu suna da hannu, ba wanda ya fi su. Saura su ɗan ware ƙarfe kaɗan, su gwada ƙera abin kallo kafin a ɗora buhu kan sikeli.