Ƙaddara da Alhakin Ɗan'adam a Littafin Shaihu Umar

Gabatarwa

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, a ƙarƙashin kulawar Rupert East, aka buga shi a 1934. Sau da yawa in aka tambayi ɗalibai jigonsa, sai su ce haƙuri da yarda da ƙaddara. Ba mu musanta wannan ba, amma muna ganin tsayawa a nan tauye littafin ne. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa kusan duk masifar da ke cikinsa da hannun mutum aka ƙulla ta.

Warwarar Jigo

Mu fara da Makau, mijin mahaifiyar Umar. Hassadar 'yan'uwansa fadawa ce ta sa aka yi masa ƙazafi wajen sarki, har aka kore shi daga Kagara. Sai dai kada mu manta, shi kansa Makau da shi ake zuwa harin kama bayi. Ke nan gidan da bauta ta tarwatsa, a da yana cikin masu cin moriyarta. Marubucin bai tsaya yi mana wa'azi a kan wannan ba, ya bar mai karatu ya gano da kansa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne in muka jera rayuwar Umar da ta mahaifiyarsa. Hanya ɗaya suka bi, wato daga ƙasar Hausa suka ƙetare Sahara a matsayin bayi. Umar ya faɗa hannun Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Ita kuwa ta fita neman ɗanta ne tana 'ya, aka yaudare ta, aka sayar, ta sha azaba iri-iri. Ba ta sadu da shi ba sai a Tarabulus, a lokacin da ƙarfinta ya ƙare, ba da jimawa ba ta cika. In da haƙuri kaɗai ke kawo sakamako a duniya, wa ya fi ta cancanta? Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce halin iyayengijin da suka mallake su ba.

Ta fuskar salo, labarin yana fitowa ne daga bakin dattijon malami da ke zaune a Rauta cikin almajiransa. Sanyin muryarsa kan ruɗi mai karatu ya ɗauka komai ya ƙare lafiya. Amma wanda ya tsira ne ke magana. Waɗanda hamada ta binne ba su sami bakin faɗin nasu ba.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, littafin ya raba abu biyu da mukan cakuɗa a rayuwa: miƙa wuya ga hukuncin Allah, da wanke azzalumi daga laifinsa. Na farko imani ne, na biyu kuwa sakaci. Ɗalibin da ya rufe Shaihu Umar yana yabon haƙurin tauraro kawai, bai tambayi wanda ya sayar da uwar ba, muna ba shi shawara ya sake buɗe shi.