Tsaba da Ƙaiƙayi: Matsayin Labarin Mawaƙa a Kundin Sani

Gardama ta daɗe tsakanin masu tsara kundin sani, watau littafin da a ke tara ilmi a cikinsa babi babi, ko na takarda ko na intanet irin Wikipedia. Abin da a ke ja a kai shi ne ko ya dace a sa ƙananan labarai na makaɗa da 'yan wasa a ciki. Babin Funtuwa ya isa misali.

Duk mai rubuta labarin Funtuwa da Malumfashi lalle zai ambaci auduga da injinan gurzarta, da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda wadda ta bi ta Funtuwa, da sarautar Sarkin Maska da ta Galadiman Katsina. Ba mai musun wannan. Inda a ke rabuwa shi ne kan Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zauna Funtuwa, ya rasu a 1999. Waɗansu malamai suna ganin jera mai kalangu da sarakuna zubar da girman littafi ne.

Wannan ra'ayi ba shi da ƙarfi. Bargery bai raina kirari ba cikin ƙamus ɗinsa na 1934, da kuwa ya raina shi da an yi hasarar Hausa mai yawa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazarin Shata, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa. Waƙar Bawa Direba shaida ce ta irin darajar direbobin manyan motoci a zamaninta. Waƙar kumbon Apollo 11 kuwa ta nuna yadda labarin tafiya duniyar wata ta 1969 ya shiga kunnen manomi da harshensa. Wanda ya fid da waɗannan ya rage tarihi.

Amma fa masu ƙin suna da gaskiyarsu ta wani gefe. Akwai labarai da a ke yi a tasha da kasuwa, na waɗanda bakin Shata ya kama, da na iskokin da a ke cewa suna ba shi waƙa. Yawancinsu ba su da isnadi. In aka rubuta su ba tare da bayani ba, ɗalibin kwalejin horon malamai zai kwafe, ya je ya karantar da yara a kan tarihi ne, sa'an nan gyara ya yi wuya.

Saboda haka ma'aunin biyu ne. Na farko, a san inda labari ya fito. Na biyu, a duba ko yana fahimtar da mai karatu wani abu game da gari, ko zamani, ko harshe. Labarin da ya cika waɗannan biyu ya cancanci shiga, ko na maroƙi ne. Wanda ya kasa a bar shi waje, ko da daga fada ya fito.