Kisa a Fagen Dambe da Kisa a Cikin Na'ura: Tarken Wasan Hotline Miami

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba feɗe waƙa da zube da wasan kwaikwayo ta hanyar duba jigo da zubi da tsari da salo. Wasannin na'ura ba su sami irin wannan kulawa ba, duk da cewa shagunan buga su sun daɗe da zama wurin hirar matasa a birane irin su Legas da Kano. Wannan maƙala za ta ɗora waɗannan ma'aunai a kan wasan Hotline Miami, wanda ya shahara da wuya da zubar da jini da zane irin na dauri. Za a auna shi da dambe, domin a dambe ne Bahaushe ya tanadi kalmomin da yake bayyana faɗan da ake yi don nishaɗi. Tambayar da ake son amsawa ita ce: me ke jan mutum zuwa wasan da ke wahalar da shi, kuma yake sa shi aikata ta'asa?

2.0 Agege a Matsayin Mahanga

Hausawa sun zauna a Agege ne ta dalilin cinikin goro da fataucin shanu, kuma layin dogo da ya ratsa garin ya isa Kano a 1911 ya ƙara musu yawa. A yankin ne babbar mayankar Oko-Oba take. Dambe kuwa tun asali wasan mahauta ne, ana yin sa da kaka bayan an kawar da amfanin gona, kuma ya bi su zuwa kurmi. A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube daga Legas, sai damben ya koma abin kallo a wayar hannu. Saboda haka matashin da ya tashi a irin wannan unguwa yana iya ganin faɗa iri biyu a allo guda: na 'yan dambe da na mutanen zane. Wannan ne ya sa kwatancin ya dace.

3.0 Tarihin Wasan a Taƙaice

Mutum biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonatan Söderström da Dennis Wedin, su suka ƙirƙiri Hotline Miami a ƙarƙashin sunan Dennaton Games, kamfanin Devolver Digital ya fitar da shi a watan Oktoba na 2012. Labarin yana faruwa ne a birnin Miami na Amurka a 1989. Tauraron ba shi da suna. 'Yan wasa ne suka laƙaba masa Jacket saboda rigar da yake sawa. Akan bar masa saƙo a waya, sai ya rufe fuska da surar wata dabba, kamar zakara ko mujiya ko doki, ya shiga gidan 'yan ta'addan Rasha ya hallaka duk wanda ya tarar. Kashi na biyu ya fito a 2015, hukumar tace wasanni ta Ostareliya ta hana sayar da shi saboda wata fitowa da ta shafi cin zarafin mace.

4.0 Zubi da Tsari

Ana kallon wasan daga sama, kamar an yaye rufin gida ana leƙen ɗakunansa. Bugu ɗaya ke kashe abokin gaba, bugu ɗaya kuma ke kashe ɗan wasa. Da ya faɗi, danna maɓalli ɗaya ya isa ya komar da shi farkon hawan benen da yake. Mutum yakan faɗi sau da yawa a wuri guda kafin ya haddace inda mai bindiga yake tsaye, da ƙofar da za a bankaɗa, da lokacin da kare zai taso.

A nan ne kalmar kisa ta dambe take haskaka al'amarin. A fagen dambe, idan aka buge mutum har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi, alhali zai tashi ya karkaɗe jiki, gobe ma ya sake sa zare. Idan ba wanda ya faɗi, sai a ce an yi turmi uku babu kisa. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Wato Bahaushe ya aro kalmomin yaƙi ya zuba su a wasa, ya zare musu dafinsu. Mutuwa a Hotline Miami irin wannan ce: faɗuwa ce da ke koya wa mai ita inda ya yi sake. Daɗin da ɗan wasa ke ji yana zuwa ne a lokacin da hannunsa ya iya abin da ɗazu ya gagare shi. Hausawa na cewa wuya ba ta kisa, kuma a kan wannan magana aka gina tsarin wasan.

5.0 Salo

Salon farko shi ne sakaya zance. Saƙonnin wayar ba sa ambaton kisa. Sukan zo da siffar aikin yau da kullum, kamar shara ko reno ko kai kaya. Mai sauraro ne ke warware ma'anar da kansa, kuma da warwarewar ya shiga cikin laifin. Wannan ya saɓa wa sakayawar Bahaushe, wadda galibi kunya ke haifar da ita, kamar a ce wane ya riga mu gidan gaskiya. A wasan, an sakaya ne domin a sauƙaƙa wa mai kisa aikinsa.

Salo na biyu shi ne zanen dauri. An siffanta mutane da 'yan ɗigogi masu kaurin gaske irin na wasannin shekarun 1980, an rina su da launuka masu ƙyalli. Jinin da ke malala ba ya kama da jinin gaske, don haka ido yakan jure abin da ba zai jure ba a hoto. Mortal Kombat na 1992 ya bi wata hanya dabam, ya yi amfani da hotunan mutane na gaske, kuma ce-ce-ku-cen da ya tayar yana cikin dalilan kafa hukumar tantance wasanni a Amurka a 1994.

Salo na uku shi ne kiɗa. Amonsa mai sauri yana ingiza ɗan wasa kamar yadda kalangu ke zuga ɗan dambe.

6.0 Jigo da Rauninsa

A kan kiɗan ne hanyoyin biyu suka rabu. Idan ɗan dambe ya yi kisa, kiɗa ƙaruwa yake yi, a yi masa kirari da kari, ɓangarensa, Kudu ne ko Arewa ko Jamus ko Guramaɗa, ya ɗauki nasarar tasa ce. Sunan Shago ya ɗore ne saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. A Hotline Miami kuwa, da mutum na ƙarshe ya faɗi sai kiɗan ya yanke, a tilasta wa ɗan wasa ya tsallake gawarwakin da ya zubar har ya koma motarsa. Haka kuma wasu mutane uku masu fuskokin dabbobi sukan tare tauraron, ɗaya daga cikinsu ya tuhume shi da jin daɗin cutar da mutane. Jigon wasan ke nan: tuhumar mai riƙe da maɓallan.

Sai dai jigon yana da rauni. Wasan da ke tuhumar ɗan wasa shi ne kuma ke ba shi maki a ƙarshen kowane babi, yana ƙara masa idan ya yi kisa a jere ko ya sassauya makami. An yi tuya da hannun dama, an yi wa'azi da na hagu. Bugu da ƙari, abokin karawar ɗan dambe mutum ne mai suna da gari da magoya baya, ya shigo fage da yardarsa, akwai kuma alƙali mai raba su. Mutanen da ake kashewa a wasan kusan duk siffarsu ɗaya, da fararen kaya, ba suna ba dangi. Shirun da ke biyo bayan kisan yana da tasiri, amma bai kai ya mayar musu da mutuncin da zanen ya cire ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa abin da ke jan hankali a wannan wasa shi ne wuyarsa da saurin tashi bayan faɗuwa, zanen dauri kuma yana rage wa jinin nauyi. An ga kuma cewa Hausa tana da kalmomin tarken irin wannan fasaha, kamar kisa da turmi da fage da kirari. Aikin da ke gaban masana harshe shi ne su saurari yadda matasan Agege da makamantansu ke magana a shagunan wasa, su tantance abin da suka aro da abin da suka gada, kafin kwamitocin ƙirƙirar kalmomi su yanke musu hukunci daga nesa.