Jinin da Ake Shafa wa Bagade: Nazarin Hadaya a Ibadar Bani Isra'ila

Kafin wani Ba'isra'ile ya kawo ko da tantabara hadaya, sai da aka yi kwana 7 ana yanka wa bagaden kansa. Littafin Fitowa, sura ta 29, ya ce kullum bijimi ɗaya za a yanka domin tsarkake bagaden, a kuma shafe shi da man keɓewa. A Littafin Firistoci, sura ta 8, Musa ne da yatsansa yake shafa jini a ƙahoni huɗu na bagaden, ya zuba sauran a gindinsa. Bagaden nan katako ne da aka dalaye da tagulla, kamu 5 tsawo, kamu 5 faɗi, kamu 3 tsayi. To wane laifi katako da tagulla suka yi da suke buƙatar kafara?

Mutane da yawa sun ɗauka ma'anar hadaya ɗaya ce: mai laifi ya ɗora wa dabba laifinsa, ta mutu a madadinsa. Ni kam ban ga nassin ya tsaya nan ba. A ranar kafara, bunsurun da babban firist yake furta zunuban jama'a a kansa ba a yanka shi, kora shi ake yi jeji da ransa. Hadaya ta salama kuwa biki ce: a ƙone kitse, firist ya ɗauki ƙirji da cinya, mai hadaya ya ci sauran da iyalinsa.

Wani malami Bayahude, Jacob Milgrom, ya lura da abin da idanu da yawa suka tsallake. Jinin hadaya don zunubi ba a shafa wa mai zunubin, bagade ake shafa wa. A fahimtarsa, firistoci sun yi imani cewa laifin mutum yana ƙazantar da wurin ibada ko da a gidansa ya aikata shi, kamar yadda hayaƙi ke baƙanta rufin ɗakin girki. Gwargwadon girman laifi, gwargwadon zurfin da ƙazantar ke kaiwa. In talaka ne ya yi kuskure, jini ya tsaya a bagaden waje. In babban firist ne ko jama'a baki ɗaya, sai a shiga da shi ciki, gaban labule. Sau ɗaya a shekara kuma a kai shi Wuri Mafi Tsarki. Abin tsoron shi ne ƙazanta ta taru har Allah ya bar mazauninsa a tsakaninsu. Jini kuwa an zaɓe shi ne domin, in ji sura ta 17 ta Littafin Firistoci, a cikinsa rai yake.

Wannan bayani ya gamsar da ni, domin shi ya fassara waɗancan kwana 7. Amma bai rufe ƙofa duka ba: sura ta 5 ta Littafin Firistoci ta yarda wanda ba shi da halin tattabaru biyu ya kawo gari, a gafarta masa ba tare da ɗigon jini ba. Shari'ar da ta ɗaukaka jini ita ce kuma ta ƙi barin matalauci a waje.

Tarihi ya nuna tsarkin bagade ba magana ce ta takarda ba. Bayan Sarki Antiyokus na 4 ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a shekara ta 167 kafin Miladiyya, Yahuza Makabi, jagoran Yahudawa, ya ƙwato shi a 164. Firistoci suka rasa yadda za su yi da tsohon bagaden: ba ya amfanuwa, ba ya kuma yasuwa. Sai suka rushe shi, suka adana duwatsun a kan tudun Haikali har wani annabi ya zo ya yanke hukunci, suka gina sabo da duwatsun da ba a sassaƙa ba. Keɓe wannan sabon bagade shi ne asalin idin Hanuka da Yahudawa ke yi har yau, ko da yake yanka a Haikali ya tsaya tun da Romawa suka rushe shi a shekara ta 70 Miladiyya.