Satifiket ɗin Google da alƙaluman da ba su da uwa

Idan kana cikin zaurukan WhatsApp na 'yan gida da ke ƙasashen waje, ka san maganar da ake yayi: a koyi nazarin bayanai, wata 6 kacal, sai albashi da dala. Ɗalibanmu da ke nan Jami'ar Malaya a Lembah Pantai suna yi, matan da suka biyo mazajensu karatu suna yi, ƙannenmu na Kano da Zariya suna roƙon a biya musu. Galibi kwas guda ake nufi, wato satifiket ɗin nazarin bayanai da Google ya fitar a dandalin Coursera a 2021. Na zauna na bi darussansa da idon wadda ta haura shekara 20 tana cika takardun marasa lafiya, kuma ina so in faɗa maka abin da ya iya da abin da ya bari, kafin ka tura kuɗinka ko ka ajiye sana'arka.

Mu fara da yabo, don ya cancanta. Lokacin da aka fitar da shi a 2021 kwasa-kwasai 8 ne a jere, kuma ba a ɗauka ka san komai ba. Ana koya maka jera alƙaluma a jadawali irin na Excel, da SQL, wato yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, da Tableau na zana hoton sakamako. An kasa aikin matakai 6: ka yi tambaya, ka tattaro, ka tsaftace, ka nazarta, ka bayyana, sannan a yi aiki da abin da ka gano. Sa tambaya a gaba da suka yi hikima ce, domin wanda bai san abin da yake nema ba, ko ya taka shi ba zai duƙa ba. Ga wanda bai taɓa buɗe jadawali ba, ƙofa ce mai kyau, kuma akwai damar neman rangwame ga wanda kuɗin wata-wata ya fi ƙarfinsa.

To ina matsalar? Tana wurin da alƙaluman suke fitowa. Aikin ƙarshe da ɗalibai da yawa ke zaɓa shi ne na wani kamfanin hayar kekuna na ƙirƙira mai suna Cyclistic a birnin Shikago. Na'ura ce ta rubuta lokacin da aka ɗauki keke da lokacin da aka maido shi. Na'ura ba ta gajiya, ba ta jin kunya, ba ta tsoron oga. Alƙaluman da za ka tarar a asibiti ko ma'aikata ko kasuwa kuwa, mutum ne ya rubuta su, kuma kowane lamba yana da uwar da ta haife shi. Kwas ɗin ya ware darasi guda a kan tsaftace bayanai, amma dattin da yake nunawa na sama-sama ne: layi ya maimaitu, harafi ya karkace, gurbi ya zama fanko. Dattin da ke kashe mutum shi ne lambar da ta zauna daram a gurbinta alhali ba gaskiya ba ce.

Kowace nas ta san irinsu. Ki duba takardun awon hawan jini da aka yi da hannu, za ki ga 120 da 130 da 140 sun cika shafi, 127 kuwa sai an tona, domin ido da hannu suna son lambar da ta ƙare da sifili. Ka tambayi dattijuwa a ƙauye shekarunta, ta ce ai lokacin rasuwar Sardauna tana goye, sai mai rubutu ya ce to 60, ya wuce. Ka duba fasfo ɗin mutanenmu ka ƙirga nawa aka haifa ranar 1 ga Janairu. Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman, wani lokaci mutum 1 ne ya zama 4, wani lokaci mutum 4 ne kwamfuta ta dunƙule. Babu umarnin SQL da zai faɗa maka wanne ne wanne. Sai wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake rubutawa.

Akwai kuma wanda bai shiga rajistar ba sam. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ma'aikatan lafiya na ƙungiyar MSF da suka taka ƙafa cikin ƙauyukan ne suka lura cewa mutuwar yara ta wuce ƙima. Yaron da ya rasu a gida aka binne shi kafin la'asar ba ya barin layi a littafin asibiti. Mai nazarin da ke zaune a ofis da jadawali mai tsafta sai ya ce lafiya lau.

Ko nan unguwarmu darasin yana tsaye da ƙafarsa. Ka sauka a tashar jirgin Kerinchi ko ta Universiti, ga dogayen benayen gilashi na Bangsar South, ga gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi a gefensu. 'Yan kasuwar gine-gine suka raɗa wa wurin sabon suna, mazauna suka yi ta ƙorafi, har a 2019 aka tabbatar da sunansa na asali, Kampung Kerinchi, da goyon bayan ɗan majalisar mazaɓar, Fahmi Fadzil. Wuri ɗaya, suna biyu, rayuwa iri biyu. Ka haɗa kuɗin shigar mutanen nan ka raba daidai, lambar da za ta fito ba ta kowa ba ce.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce wa ma'aikaciyar jinya ko malamin makaranta ko akanta ya manta da abin da ya sani ya fara daga tushe. Haba! Wannan sana'ar ma ai nas na cikin iyayenta. Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila a Scutari a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Zanen da ta fitar a 1858 ya nuna cewa cututtukan da za a iya karewa sun kashe sojoji fiye da raunin fagen fama, kuma a shekarar ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan. Ta iya lissafi, ƙwarai. Amma ta san abin da za ta ƙirga ne don ta shaƙi warin ɗakunan.

Sai maganar aiki, wadda masu tallar kwas ba sa son a daɗe a kanta. Dubban mutane sun riƙe satifiket ɗin nan, da yawansu da kekunan Shikago iri ɗaya a jakarsu. A gida ma shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 yana yaye wasu. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, rubuta SQL mai sauƙi ya zama aikin daƙiƙa. A Malesiya kuma takardar izinin karatu ba ta aiki ba ce. Sai kamfani ya nema maka izini, ya biya albashin da doka ta gindaya, kuma da wuya ya yi wannan ɗawainiya don sabon shiga alhali Jami'ar Malaya na yaye masu digiri na biyu a fannin a bakin ƙofarsa.

Ban ce kada ka yi kwas ɗin ba. Ka yi, amma ka ɗauke shi kamar koyon riƙe allura, wanda bai mai da kowa nas ba. Idan ka zo aikin ƙarshe, ka bar kekuna wa masu su. Ma'aikatar lafiyar Malesiya ta zuba alƙaluman korona a GitHub tun 2021 kowa ya ɗauka. Hukumar NCDC na fitar da rahoton zazzaɓin Lassa, Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya na fitar da farashin abinci. Ka ɗauki wanda ya shafi sana'arka, ka yi tambayar da kai kaɗai ka san a yi, ka rubuta a fili inda kake zargin lambar da dalilinka.

Ku kuma iyaye da yayye da ake kira a waya a ce a turo na kwas, ku tura in da hali. Amma ku tambayi yaron abu guda: alƙaluman me kake so ka nazarta, kuma ka taɓa ganin inda ake rubuta su? In ya yi shiru, ya fara zuwa asibitin unguwa ko shagon kawunsa ya roƙi a bar shi ya riƙe littafin rajista na wata 3. Kwas ɗin ba zai gudu ba.